A buga ko a jingine? Zare ga 'yan ƙwallon Tambuwal da Kebbe

1/ Kwana biyun nan gardama ɗaya ake yi a majalisu da guruf ɗin WhatsApp: a ci gaba da gasar ƙwallo tsakanin garuruwanmu, ko a jingine har tsaro ya gyaru? Ni ina ɓangaren a buga, amma da sharaɗi. Zaren na da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku biyo ni. 🧵

2/ Mu koma 1942. Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke ce ma yaƙin Hitila, ya kai shekara uku. Najeriya na hannun Ingila. Ana ɗibar samarin Arewa soja, da yawansu daga baya suka ƙare a dajin Bama suna faɗa da Japanawa. A shekarar nan aka fara wata gasar kofi a Legas, War Memorial Challenge Cup.

3/ Wa ya ci ta? ZAC Bombers, ƙungiyar kulob ɗin da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1938. Ku dubi sunan ma, na jiragen sakin bam ne. Yaƙin ya shiga har cikin sunayen ƙungiyoyi.

4/ Manyan ƙungiyoyin Legas na lokacin galibi na ma'aikatun gwamnati ne da kamfanonin Turawa: Reluwe, Marine, 'yan sanda. Bature ke ba ka aiki, shi ke ba ka riga, shi ke cewa ka buga ko kar ka buga. Zik ya kafa tasa, ta 'yan ƙasa, da kuɗin 'yan ƙasa. Ku riƙe wanga batu, za mu dawo kansa.

5/ Ana tsakiyar yaƙin ya kwashi 'yan wasansa ya zaga garuruwan ƙasar nan. A takarda, wasannin sada zumunci ne don tara ma Ingila gudummawar yaƙi, to wa zai hana? Ana tashi daga wasa kuma sai ya miƙe ya yi jawabi: in ana yaƙin nan don 'yanci ne, mu ina namu? Jaridarsa West African Pilot ta buga.

6/ Wato Turawa sun bar ƙwallo ta ci gaba don tana kawo kuɗi tana kwantar da hankalin jama'a. Zik ya yi amfani da taron da take tarawa ya isar da nasa saƙo. Kowa da abin da ya kawo shi bakin fili.

7/ Mu fa a nan? Abin da ya iso mana daga yaƙin ba kofi ba ne. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzar da take samu can, sai ta juyo Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas na haƙar kuza, cikin sanyin da ba su saba ba. Da yawa ba su komo gida ba.

8/ Saboda haka in wani ya ce min "ai ko lokacin yaƙin duniya an buga ƙwallo a Najeriya", nakan ce e, an buga, a Legas. Ɗan ƙauyen lardin Sakkwato yana can yana noman gyaɗar yaƙi ko yana ramin kuza. Kar mu ari tarihin nan mu yafa ba mu duba ko ya kai mu ba.

9/ A 1945 Gwamna Arthur Richards ya ba da kofi, aka sa masa suna Kofin Gwamna. Marine ta ci Corinthians 1-0 a wasan ƙarshe. Kofin nan shi ya riƙa canza suna har ya zama Kofin Tarayya na yau. Sai 1953 ya bar Legas karon farko, kuma Kano ce ta ɗauko shi, ta doke Lagos Dynamos 2-1. 'Yan Pillars ku daina murmushi, lokacin ba a kafa ku ba. 😄

10/ Darasin da ya fi mana amfani yana Ingila ita kanta. Satumba 1939, an buga wasa uku-uku kacal a lig aka dakatar. Bayan 'yan makonni aka dawo da ƙwallo da sabon tsari: an raba ƙasar shiyya-shiyya, an hana ƙungiya tafiyar da ta wuce mil 50, an ƙayyade yawan 'yan kallo.

11/ Kofin FA aka ajiye shi gaba ɗaya, shi ya sa Portsmouth da ta ci a 1939 ta riƙe shi har 1946. Aka ƙirƙiro kofin yaƙi a madadinsa, West Ham ta ci Blackburn 1-0 a Wembley a 1940. Mutanen da ake yi ma ruwan bam sun ci gaba da wasa, sai dai sun rage tafiya, sun rage taro.

12/ To mu dawo gida. Ina haɗarin yake a gasar ƙwallonmu? Ku yi tunani da kyau. Ana take wasa bayan la'asar. A yi jinkiri saboda alƙali bai iso ba. A yi rigima kan fanareti. A tashi dab da magariba. Sannan yara ashirin su hau babura, uku-uku, su kama hanyar daji cikin duhu.

13/ Hanyar komawa ita ce matsalar. Ko manya ma a hanya ake samunsu: Maris 2015 'yan bindiga suka buɗe ma motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Ƙungiya mai mota da jami'ai ke nan, balle yaranmu a kan kabu-kabu.

14/ Masu cewa a jingine ba matsorata ba ne, kuma ban yarda a yi masu dariya ba. Uwar da ɗanta zai tashi daga Kuchi ko Sangi ya je wasa ya kai dare tana da gaskiya in ta hana. Taro ma kansa abin tsoro ne, mun tuna bam ɗin gidan kallo a Damaturu lokacin Kofin Duniya na 2014.

15/ Amma "har tsaro ya gyaru" yaushe ke nan? Shekara nawa muna jira? Yaron da ke da 15 yau, in aka jingine shekara huɗu, lokacinsa ya wuce. Kuma yammar da ba ya fili tana nan, dole ya cika ta da wani abu. Mun san mi ake sayarwa a bayan tasha, mun san su wa ke neman yara marasa abin yi.

16/ El-Kanemi Warriors sai da suka bar Maiduguri suna buga wasannin gida a garuruwan wasu saboda Boko Haram. Ba su rushe ba. Sun koma gida, a 2024 suka ci Abia Warriors 2-0 suka ɗauki kofin nan na 1945. Da sun ce sai komai ya lafa, da babu ƙungiyar da za ta koma.

17/ Ga abin da nake gani. A raba shiyya. Garuruwan da ke kan babban titin Sakkwato zuwa Jega, irin Tambuwal da Dogon Daji da maƙwabtansu, su buga da juna. Sanyinna da na kusa da ita su yi tasu. Kebbe da Margai da Girkau su duba wa ke iya zuwa wurin wa ya komo da rana. Su suka san hanyoyinsu, ba mu na cikin gari ba.

18/ Duk wasan da ke da baƙi, a buga shi da safe ranar hutu, ko a take ana idar da la'asar ba jira. In lokaci ya ƙure a tashi, a raba maki. Maki ɗaya bai kai ran yaro ba. In kuma labari ya zo hanya ba kyau, a ɗage ba tare da an ce ƙungiya ta gudu an ba abokan karawarta maki uku ba. Dokar nan ce ke sa yara kasada.

19/ Sannan lig, don Allah, gida da waje. Mun cika son kofi na sili ɗaya ƙwale. Ƙungiya ta yi wata biyu tana atisaye, ta buga minti 90, an cire ta, sai baɗi. Lig ke riƙe yaro a fili duk mako. Kofi a bar shi ƙarshen kaka, zakarun shiyyoyi su haɗu wuri ɗaya, da rana tsaka, da sanin hakimi da jami'an tsaro.

20/ Mi ya sa muka fi son kofi? Don shi ke da hoto. Mai neman kujera ya sa kofi da sunansa, a buga fuskarsa a riga, a yi taron buɗewa da maroƙa. Na taɓa bin wata gasa irin wagga har wasan kusa da na ƙarshe. Aka yi zaɓen fid da gwani, mai kofin bai samu tikiti ba, har yau ba a buga wasan ba. Yaran sun saye takalma da kuɗin aikin gona.

21/ Nan batun Zik ya dawo. Ƙungiyar da wani ke ba riga, ranar da ya gaji ta mutu. Ban ce a ƙi kuɗin ɗan siyasa ba, a karɓa, ƙwallo da raga ba kyauta ake samunsu ba. Amma jadawali da asusu su zauna hannun kwamitin kociyoyi, kowace ƙungiya na zuba ɗan abin da ta iya duk wata, kuma gasar ta ɗauki sunan gari.

22/ 'Yan Kebbe musamman, ku nake son ji. Wace hanya ce ke biyuwa yanzu, wacce ce ba a bi bayan azahar? Kar ku rubuta a nan fili, ku turo ta akwatin saƙo. In kociyoyi shida suka amsa, sai mu sa ranar zama a Tambuwal kafin a gama girbi, mu zana jadawalin shiyyar farko.