Asini: ruwan baƙi ne ko na masunta?

Asini wani ƙaramin gari ne a ƙasar Kodibuwa, wajen kilomita 80 gabas da Abijan. Ruwa biyu ne suka sa shi tsakiya. A kudu akwai teku mai manyan igiyoyi. A arewa akwai tabkin Abi, wanda gulbin Biya da gulbin Tano ke zuba a cikinsa. Tsirin rairayi ne ya raba su, sai wata ƙofa inda suke gamuwa. Shi ya sa ruwan tabkin ke da ɗan gishiri, kuma yana kwance lami lafiya.

Turawan Faransa sun sauka a wurin tun 1687. A 1978 aka yi wani fim na Faransa a can, sai sunan garin ya ƙara bazuwa. Yau masu hali na Abijan da baƙi daga Turai suna zuwa hutu. Suna kwana a otel a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Waɗansu su yi iyo, waɗansu su hau babur na ruwa. Akwai masu tsayawa bisa katako, kwalekwale mai inji yana jan su da igiya.

Zuwan baƙi yana da amfani. Samari suna samun aiki a otel, mata suna sayar da kifi, masu kwalekwale suna samun kuɗi.

Amma tabkin nan gonar masunta ce tun kaka da kakanni. In kwalekwale mai inji ya wuce a guje, yana iya tsinka taru. Igiyar ruwan da yake tayarwa tana cin gaɓa. Mai kuma yana tsiyaya cikin ruwa. Abin da ya fi muni shi ne sare itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri don a gina gidaje. A cikin saiwoyinsu ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma. In babu su, ina kifi zai fito?

Korar baƙi ba dabara ba ce. Abin da ya kamata shi ne a raba ruwan: ga wurin wasa, ga wurin su. A hana gudu kusa da taru, a bar wa masunta hanyar zuwa gaɓa. Gwamnatin Kodibuwa ta nuna misali a 1974, da ta keɓe tsibirai 6 na Ehotile a cikin tabkin don a kiyaye su.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mai hutu yana kwana biyu ya koma gida. Masunci kuwa, in kifi ya ƙare, ba shi da wurin zuwa. Saboda haka shi ya kamata a fara tambaya kafin a taɓa ruwan.

Tambayoyi
1. Me ya sa ruwan tabkin Abi ke da gishiri?
2. Wane amfani baƙi ke kawo wa mutanen Asini?
3. Me zai faru in aka sare itatuwan bakin ruwa?