Sanarwar Bayan Taron Masu Jin Hausa Mazauna Bronx Kan Hukumomin Yaƙi da Wariya na Birni da Jiha



Ƙungiyarmu ta masu jin Hausa mazauna Bronx da kewaye, wadda ta haɗa ’yan asalin Gana, Nijar, Najeriya, Togo da Kamaru, ta yi zama na musamman ranar Lahadi, daga bayan azahar har zuwa magariba. Limamai da shugabannin mata sun halarta, haka ma direbobin tasi, masu kai abinci a kan keke, masu kitso da masu kula da tsofaffi a gidaje, tare da ’yan’uwa daga Harlem da Newark. Wani lauya mai aiki kan haƙƙin ma’aikata da ’yan haya ya yi mana bayani, ya kuma amsa tambayoyi. Abin da ya tara mu shi ne koke-koken wulaƙanci a wurin aiki da wurin neman gida, waɗanda ake ta yi a bakin masallaci da wurin suna, amma ba sa isa ofisoshin da aka kafa don sauraron su.

Taron ya lura cewa da zarar an ambaci doka, hankalin yawancinmu gwamnatin tarayya yake tafiya, alhali dokokin birni da na jiha sun fi kusa da mu, sun kuma fi ba da kariya. Jihar New York ce ta fara kafa dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki a duk faɗin Amurka, a 1945, zamanin Gwamna Thomas Dewey, shekara 19 kafin dokar tarayya ta 1964. Sashen Kare Haƙƙin Ɗan Adam na jiha ne ke aiwatar da ita, kuma babban ofishinsa a nan Bronx yake, a Fordham, inda da yawanmu ke wucewa kullum ba su san abin da ake yi a ciki ba. Birnin New York kuma yana da tasa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, mai reshe a Bronx. Dokar tarayya ba ta hau kan ubangidan da ma’aikatansa ba su kai 15 ba. Ta birni tana farawa daga ma’aikata 4, ko ɗan aikin gida ko da guda ne, ta jiha kuwa tun 2020 ta shafi kowane ubangida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da galibi a ƙananan shaguna, gidajen abinci da wuraren wankin mota suke neman na kansu.

Maganar gida ce ta fi cin lokaci, kuma mata ne suka fi magana a kanta. Wata baiwar Allah ta ba da labarin yadda dillali ya ce ta zo ta ga ɗaki, da ta ambaci cewa da takardar tallafin haya za ta biya sai ya ce an riga an kama, bayan kwana biyu kuma ta sake ganin tallan ɗakin a intanet. Kusan kowa a zauren ya san irin wannan. Lauyan ya tabbatar mana cewa ƙin karɓar ɗan haya don zai biya da takardar tallafin haya irin ta Section 8 ko CityFHEPS laifi ne a birnin nan tun 2008, a duk jihar kuma tun 2019, kuma laifin ya hau kan dillali kamar yadda ya hau kan mai gida. Haka nan cewa “ba ma son mai yara”, ko sauya magana da zarar an ji lafazin mutum ko an ga lulluɓin matarsa. Hukumar birni takan tura mutanenta su yi shigar masu neman haya don ta gwada gaskiyar mai gida, kuma wani lokaci takan sa baki da wuri kafin ɗakin ya suɓuce. Amma sai an sanar da ita a ranar, ba bayan wata uku ba.

Kan batun addini, taron ya ji daɗin sanin cewa tun 2019 dokar jiha ta fito fili ta hana a takura wa ma’aikaci saboda suturar addini ko gemu. A shekarar ne kuma jiha ta haramta wariya saboda kitso da yanayin gashin baƙar fata. Mai son fita sallar Juma’a ko hutun Idi yana da damar neman a sassauta masa, kuma dokar birni ta wajabta wa ubangida ya zauna a tattauna, ba ya ce a’a ya juya baya ba. Yana iya ƙi idan abin zai jawo masa cutarwa ta gaske, amma shi zai nuna hujja. An tunatar da mu shari’ar Samantha Elauf, budurwar da wani kamfanin tufafi ya ƙi ɗauka saboda mayafinta, wadda Kotun Ƙoli ta ba gaskiya a 2015. Ba ’yar kowa ba ce, ƙara kawai ta kai.

An daɗe ana kewaye-kewaye kafin wani dattijo ya faɗi abin da ke zukatan mutane: tsoron takardu. Taron yana sanar da kowa cewa hukumar birni ba ta tambayar mai ƙara matsayin zamansa a ƙasa. Tun 2019 ta bayyana cewa mai gida ko ubangidan da ya yi wa mutum barazanar kiran jami’an shige da fice don ya tsorata shi saboda asalinsa ya taka doka, kuma tarar da take iya ci takan kai dala 250,000 idan da gangan aka yi. Jiha ma ta saka matsayin zama cikin abubuwan da take karewa a ƙarshen 2022. Ba mu ce wannan ya ba kowa izinin aiki ba, domin wannan hurumin tarayya ne. Wanda lamarinsa ke da sarƙaƙiya ya fara ganin lauyan shige da fice kafin ya ɗaga ƙafa.

Wasu sun ce haƙuri maganin zaman duniya, baƙo kuma ba ya tsayayya da ɗan gari. Taron ya girmama wannan magana, amma bai yarda ta zama dalilin yin shiru ba. Mai gidan da ya kore ka yau ka yi shiru, gobe ɗan’uwanka zai kora. Limamanmu sun ƙara da cewa neman haƙƙi ta hanyar doka ba rashin tawakkali ba ne.

Bayan haka taron ya cim ma waɗannan matsayoyi.

Na farko, kowa ya riƙe wa’adi, domin a nan aka fi yin asara. Hukumar birni tana karɓar ƙara cikin shekara 1 daga ranar da abin ya faru, sai cin zarafi mai nasaba da jinsi da ke da shekara 3. Sashen jiha yana ba da shekara 3 ga abin da ya faru daga 15 ga Fabrairun 2024. Hukumar tarayya ta EEOC kwana 300 ne. ’Yan’uwanmu na Newark su kula sosai, domin sashen jihar New Jersey kwana 180 kacal yake bayarwa. Kai ƙara kyauta ne kuma ba dole sai da lauya ba, sai dai wanda ya shigar a hukumar birni galibi ba zai sake kai maganar sashen jiha ko kotu ba. A nemi shawara kafin a zaɓi inda za a je.

Na biyu, a rubuta komai tun abin yana da zafi: rana, lokaci, wanda ya yi maganar, abin da ya faɗa, da wanda ya ji. Kada a goge saƙon waya, a ɗauki hoton tallan haya. Ramuwa a kan wanda ya kai ƙara ko ya ba da shaida laifi ne mai zaman kansa, don haka kada tsoron kora ya hana shaida magana.

Na uku, an kafa kwamitin rakiya na maza da mata, da matasanmu da suka tashi a nan, don su raka duk mai ƙara su yi masa tafinta. Aikinsu rakiya ne, ba lauyoyi ba ne, kuma ba za su karɓi ko sisi ba.

Na huɗu, muna kira ga majalisar birni da hukumomin nan biyu kan harshe. Dokar birni ta 2017 ta ware harsuna 10 da ake fassara muhimman takardu zuwa gare su. Akwai Faransanci da Larabci, babu Hausa. Dattijuwar da ta taso a zangon Kumasi ko a ƙauyen Tawa ba lalle ta karanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Muna roƙon a samar da bayani da Hausa, musamman na murya da za a iya turawa ta WhatsApp, a kuma rage jinkirin bincike, domin wanda aka kora daga aiki ba zai iya jiran shekaru ba. Ga mutanenmu kuma, in kun kira layin birni na 311 ku nemi tafintan Hausa ko da kuna jin ɗan Turanci, saboda yawan masu nema ne ke nuna wa hukuma akwai buƙata.

Na biyar, kuma wannan ya jawo muhawara mai zafi: dokar nan ta hau kanmu mu ma. A cikinmu akwai masu shaguna da masu gidajen haya. Wanda ya ƙi ɗaukar mutum saboda addininsa ko ƙabilarsa, ko ya sallami mace don ta sami ciki, ƙungiya ba za ta tsaya masa ba, ko waye shi. Akwai ’yar togaciya ga ƙaramin gidan da mai shi ke zaune a ciki, amma a tambayi lauya kafin a rubuta talla.

 Muna roƙon limamai su karanta wannan sanarwa bayan sallar Juma’a mai zuwa, shugabannin mata kuma su isar da ita a wuraren suna da biki. Duk wanda ke da maganar da ta kusa cika shekara, ya nemi kwamitin rakiya a cikin makon nan.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.