Lauje Ba Ya Shan Fetur, Amma A San Wanda Za A Saya

'Yan'uwa, tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da N200 ta haura N1,000 kafin ƙarshen 2024. Manoman shinkafa na fadamun Jega da Maiyama, da masu albasa na Aliero, sun ji a jikinsu, domin injin ban-ruwa ba ya tashi sai da mai. To, in ban-ruwa ya cinye kuɗin mai, da me za a yi hayar injin girbi? Ra'ayinmu shi ne mu daina raina lauje. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai araha ba ta ado. Lauje marar kyau yakan dakushe kafin rana ta take, ya gajiyar da hannu, shinkafa kuwa ba ta jira. In ta bushe fiye da kima a gona, sai ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar wata huɗu ta zama rabon tsuntsaye.

Saboda haka mu lura da abu uku a kasuwa. Na fari, ƙarfe. Maƙeranmu sun san ƙarfen sifirin mota yana riƙe kaifi, gwangwani kuwa lanƙwashewa yake yi. A ƙwanƙwasa shi: mai kyau yana da amo, mai tsaga ba shi da shi. Na biyu, ƙota. Ta cika tafin hannu, kada ta yi girgiɗi, kada fenti ya rufe tsagewa. Na uku, mai sayarwa. Maƙerin da muka san maƙerarsa, in baki ya lalace za mu koma ya gyara. Wanda ya zo da kaya mai ƙyalli yau, gobe ba a gan shi ba, akwai lauje cikin naɗi.

Akwai kuma dogon laujen Turawa, wanda ake yanka da shi a tsaye, ba sunkuyo. Wata maƙera a ƙasar Ostiriya tana ƙera shi tun 1540, an kuma gwada shi wajen yankan alkama a Indiya. Ga ciyawar da za mu shanya mu ajiye wa dabbobi saboda rani, a fili mai laushi marar duwatsu, ya fi namu sauri nesa, bai kuma karya baya. Amma ba ya son kunya-kunya ko shinkafar da ta kwanta cikin ruwa. Dole tsawon ƙotarsa ya dace da tsayin mai yanka, a riƙa fiƙe bakinsa da guduma, a kuma yi ta wasa shi da dutse ana cikin aiki. Wanda bai koyi wannan ba, ya sayi ƙarfen rataya ne kawai.

Shawararmu ita ce, kada kowa ya yi gaggawar zuba kuɗinsa shi kaɗai. Manoma biyar ko goma su haɗa hannu su nemo guda, su gwada shi kan ciyawa, su kai wa maƙerin garinsu ya duba ko zai iya ƙera irinsa. Girbin shinkafa kuwa, mu riƙe laujenmu na gado, mu farfaɗo da gayya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A sayi lauje tun kafin kaka, kafin kowa ya tasar wa maƙera.

Allah ya ba mu kaka mai albarka.