Hatimi Kafin Allura

Akwai wani kuka da ake yawan ji daga bakin ɗaliban jami'a da ƙananan masu bincike. Wai mutum ya shirya aikinsa tsaf, kuɗi sun samu, mota na jira, amma an ce ba zai ɗebi jinin kowa ba, ba zai tambayi kowa ciwonsa ba, sai kwamitin ɗa'a ya duba dosiyensa ya buga hatimi. Ma'aikacin da ya san yadda takarda ke kwana a ofis, da ɗan kasuwar da ya taɓa jiran sa hannun duwan a bakin iyaka, za su ce yaran na da gaskiya. To amma wannan hatimi dabam yake da sauran, kuma maƙwabciyarmu Kano ta isa shaida.

A 1996 annobar sanƙarau ta abka wa arewacin Najeriya. Cikin wannan tashin hankali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya iso Kano da wani sabon magani, Trovan, ya yi gwaji a kan yara kimanin 200: wajen rabinsu aka ba sabon maganin, sauran aka ba wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashi na farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Abin da ya fi tada hankali ya fito a farkon 2001: likitan da ya jagoranci aikin ya amsa cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a, wadda ke ɗauke da kwanan watan Maris na 1996, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka maida kwanan wata baya. Asibitin da aka yi amfani da sunansa ma ba shi da irin wannan kwamiti a lokacin. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan yaran nan ba. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da jama'a ke kawowa, kuma cutar ba ta nemi laisefase ba kafin ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta.

Me kwamitin ke dubawa? Tun shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg, a 1947, aka kafa cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. Sanarwar Helsinki ta 1964 ta biyo baya, a 1975 kuma aka ƙara mata sharaɗin cewa wani kwamiti mai zaman kansa ya ga tsarin aikin tun ba a fara ba. A nan Nijar akwai kwamitin ƙasa ƙarƙashin ofishin ministan kiwon lafiya. Yana son ya san wa ke biyan kuɗin binciken, wane haɗari ke ciki, wa zai yi jinya idan abu ya ɓaci, ina za a ɓoye sunayen mutane, sannan ko wanda ya shiga yana iya fita ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi magani ba.

Kuma bin wannan hanya ba ya hana aiki. A Madarunfa, daga 2014, cibiyar Epicentre ta gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi, Rotasiil, a kan jarirai fiye da 3,500 bayan kwamitin ƙasa ya amince. Sakamakon ya fito a 2017: ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da wajen kashi 67 cikin 100.

Inda nake da damuwa shi ne tsakanin Yamai da zauren mai gari. Takardar yarda akasari da Faransanci ake rubuta ta, uwar da za ta dangwala yatsa kuwa Hausa ko Zabarmanci take ji. Ƙa'ida ta ce a karanta mata da harshenta, gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken. Gaisuwa wurin sarkin gari wajibi ce, ladabi ne, amma izininsa bai ɗauke mata nata ba. Matar da ta goyo ɗa mai zazzaɓi ta ga farar riga da magani kyauta, da wuya ta ce a'a, balle idan mai gari na zaune yana kallo. Saboda haka ya kamata kwamitin ya riƙa neman fassarar takardar tun cikin dosiye, ya kuma tura wakilinsa ƙauye, ba tare da sanarwa ba, ya tambayi mata biyu ko uku abin da aka gaya musu.