In Za a Sabunta Pokémon, a Bar wa Yaro Wurin Tunani

A wani ajin CM2 da na taɓa riƙewa a Maradi akwai wani yaro da lissafin sau ya gagare shi. In ka ce masa bakwai sau takwas, sai ya ɗaga kai yana kallon rufin aji. Ran nan lokacin shan iska na iske shi gindin bedi riƙe da salular wansa, yara sun kewaye shi. Na tambaye shi me ake yi. Ya ce: "Mushe, wannan dodon na wuta ne, kuma mai tashi sama ne. Dutse na yi wa wuta ninki biyu, yana yi wa mai tashi ninki biyu, ke nan jifa guda ninki huɗu ce." Na karɓe salular kamar yadda dokar lakwal ta tanada, amma na koma gida da tambaya: yaron da ya kasa sau a kan allo, yaya ya iya shi a cikin wasa?

Wasan shi ne Pokémon. Kamfanin Game Freak na Japan ya fito da shi a Fabrairun 1996 a kan ƴar na'urar Game Boy, da dodanni 151. Wanda ya ƙirƙiro shi, Satoshi Tajiri, ya tashi yana kamun ƙwari a gefen birnin Tokyo, kuma wannan sha'awar ce ya mayar wasa. Ƙa'idar faɗan mai sauƙi ce. Kana tafe da dodanni shidda, kowane yana da dabarun bugu huɗu, kuma bi da bi ake karawa kamar dara: ka zauna ka auna, sannan ka zaɓa. Ruwa na cin wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na cin ruwa, lantarki kuwa ba ya ko taɓa dodon ƙasa. Yau jinsunan sun kai 18, wato haɗuwa 324 in aka jera su a jadawali.

Bayan shekaru wajen talatin wasan ya yi nauyi. Dodannin sun wuce 1,000. Tun 2013 kusan kowane sabon zubi na zuwa da wata dabarar ƙarin ƙarfi da ake yarwa a na gaba: Mega a 2013, bugun Z a 2016, Dynamax a 2019, Terastal a 2022. A Oktoban 2025 kuma Pokémon Legends: Z-A ya bar tsarin bi da bi, ya koma faɗan gudu da kaucewa. Shi ya sa masu son wasan ke ta maganar a sake shi daga tushe. Ni ma ina ganin lokaci ya yi, amma ga yadda malami zai so a yi gyaran.

Da farko, a bar faɗan bi da bi. Masu cewa ya tsufa, yaran yanzu sauri suke so, suna da gaskiyarsu, sai dai wasannin sauri sun cika salula maƙil. Wanda ke sa yaro ya dakata ya tambayi kansa "in na yi kaza, shi me zai yi?" shi ne ya yi ƙaranci. Da tsohuwar zuma ake magani. Inda laifin yake shi ne abokan karawar da kwamfuta ke riƙewa ba su da wayo. Yawancinsu ba sa zuwa da dodanni shidda cikakku, da wuya su canza dodo in sun ga za a ci su, kuma manyan da ake ƙalubalanta galibi jinsi guda suke tarawa. Sai yaro ya ƙosar da dodo ɗaya ya yi ta danna bugu ɗaya har ƙarshe. A sa iyakar ƙarfi a kowane mataki, a ba kowane babba dabararsa ta kansa. Wani ya kira ruwan sama, wanda a ƙa'idar wasan ke ƙara wa bugun ruwa rabi, ya rage na wuta da rabi. A kuma yawaita karawar biyu da biyu, tunda da ita ake yin gasar duniya, amma a cikin labarin wasan ba a cika ganinta ba.

Na biyu, a buɗe lissafin da aka ɓoye. Kowane dodo na da lambobin gado daga 0 zuwa 31, da makin horo da ba ya wuce 510, kuma in ya yi bugu irin na jinsinsa ana ninka ƙarfin sau ɗaya da rabi. Wasan ba ya bayyana waɗannan dalla-dalla, sai mai intanet ya je ya tono. Me zai hana bayan kowane bugu a nuna yadda aka samu adadin? Yaron da ya ga 80 sau 1,5 sau 2 ya ba da 240, kuma nasararsa ta rataya a kai, ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba.

Na uku, a rage yawa a ƙara sani. Dodanni 150 sun ishi yanki guda, muddin kowane na da mazauninsa, abincinsa da lokacin fitarsa, ta yadda sai ka lura kafin ka kama. Pokémon Legends: Arceus na 2022 ya fara bin wannan hanya, inda ake cika kundin dodanni ta hanyar kallon halayensu. Nan ne ruhin Tajiri yake, kuma irin wannan lurar ce muke roƙon ɗalibai su yi a darasin kimiyya.

Na huɗu, kuma wanda ya fi shafar aljihun iyaye: kada a sayar wa yaro sa'a. Wasan katin Pokémon na salula da ya fito a 2024 yana tafiya ne kan buɗe ƙunshin da ba ka san abin da ke ciki ba, kuma mai kuɗi na iya sayen ƙarin buɗewa. Yau jika guda, gobe jika biyu, hannu na sabawa da abin da ya yi kama da caca. A 1996 musayar dodanni sai yara biyu sun zauna gaba da gaba sun haɗa na'urorinsu da waya. A dawo da wannan zaman, a sa wasan ya yi aiki ba intanet, a kuma yi masa wurin tsayawa da zai ce wa yaro na yau ya isa.

Na san kamfanin da ke Japan ba zai ji muryar wani mushe daga Maradi ba. Amma waɗannan huɗun ma'auni ne da uwa ko uba zai iya ɗora kowane wasa a kai: yana sa tunani ko danne-danne kawai? Yana nuna lissafinsa? Yana koya lura? Yana neman kuɗi a kan sa'a? Ba ina cewa a sakar wa yara salula ba, lokacin karatu na karatu ne, na barci na barci. Sai dai kafin ka ƙwace, zauna kusa da shi minti biyar ka tambaye shi don me ya zaɓi wannan bugun. In ya iya ba ka dalili, akwai abin da za ka gina a kai.

Shi wancan yaron, washegari na mayar wa wansa salular, na rubuta a allo: bugu mai ƙarfi 7, an ninka shi sau 8. Kafin in ajiye alli ya ɗaga hannu.