TSOHUWAR MIKSA A SITUDIYON GIDA: KAYAN GWANJO KO MAFAKAR WAƘAR BAKA?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai fa ba kowane tsohon abu ne zuma ba, shi ya sa ya kamata a ɗanɗana kafin a kai wa majinyaci. Wanda duk ya zaga unguwannin Jama'a da Samaru da Sabon Garin Zariya ba zai rasa cin karo da ƙananan ɗakunan ɗaukar sauti ba, waɗanda aka fi sani da situdiyo, wasu a shago, wasu a ɗakin zaure, wasu ma a cikin ɗakin kwanan mai su. Kayan aikin nasu ba su da yawa: kwamfuta ɗaya, fiyano ɗaya, makirufo ɗaya, da lasifika biyu. A wasu kuwa akan ga wata tsohuwar na'ura mai faɗi kamar tebur, cike da maɓallai jere-jere, an ture ta gefe ƙura ta rufe ta. Ita ce miksa irin ta dā, watau na'urar haɗa sauti ta analog.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan na'ura da ake yi wa kallon tarkace tana da wani amfani da ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye, kuma amfanin nata ya sha bamban da wanda Turawa suke yabonta a kansa.

Mece Ce Miksa?

Miksa na'ura ce mai layuka da yawa, kowane layi da mashigarsa ta makirufo. Ƙanana suna da layi 8 ko 12, matsakaita 16 ko 24, manya kuwa har sun fi haka. A kowane layi akwai abin da ke ƙarfafa raunannen sautin da makirufo ya kawo, da maɓallan murɗawa don a ƙara wa sauti kauri ko a siranta shi, da wanda ke karkatar da shi dama ko hagu, sa'an nan da wanda ake turawa sama ko ƙasa don ƙara ƙarfi ko ragewa. Daga ƙarshe duk layukan sai su zube cikin mafita biyu, kamar yadda ƙoramu ke zuba cikin kogi.

Bambancinta da kwamfuta shi ne, a cikinta sauti yana tafiya ne a matsayin wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da yadda murya ke hawa da sauka. Ita kuwa kwamfuta sai ta auna sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, ta mai da shi lambobi. A faifan CD, alal misali, sau 44,100 ake aunawa kowace daƙiƙa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ɗaukaka tsofaffin miksoci saboda ɗumin da suka ce suna sa wa sauti. Waɗanda injiniyan nan na Ingila, Rupert Neve, ya ƙera a shekarun 1970 sun zama abin nema ruwa a jallo. Da aka rufe situdiyon Sound City na birnin Los Anjelis a 2011, mawaƙi Dave Grohl ya sayi miksar Neve da ke ciki ya kai nasa situdiyon, har ya shirya fim a kanta a 2013. To, wannan sha'awa ta masu hannu da shuni ce, kuma ba irin waɗannan miksoci ne ke zuwa kasuwannin gwanjo na ƙasar nan ba. Wanda ya sayi tsohuwar miksar majami'a ko ta masu haya da lasifika a kasuwar Sabon Gari, yana tsammanin ya sayi sautin Neve, ya yaudari kansa. Darajarta a nan ƙasar tana wani wuri dabam.

Yadda Aka Faro

Waƙoƙin manyan makaɗan Hausa da ake nazari a yau, yawancinsu ta irin wannan na'ura suka bi kafin su isa kunnen jama'a. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka kafa a 1962, da kamfanonin faifai irin su EMI a Legas, su suka ɗauki kaso mai yawa na abin da ya rage na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina da Ɗanmaraya Jos. Kayan aikin wancan zamani ba su da yawan layukan na yanzu. Ko a 1973, lokacin da Paul McCartney ya zo Legas ya yi faifansa a situdiyon EMI, rikoda mai layi takwas ya tarar a can. Duk da haka, abin da aka ɗauka a wancan lokaci yana da rai har yau, domin makaɗi da yaransa gaba ɗaya ake tarawa a ɗaki guda, su yi waƙa kamar yadda suke yi a ƙofar fada ko a gidan biki. A nan Zariya ma, David Ames ya ɗauki kiɗe-kiɗen Hausa a 1963 da 1964 a wuraren da ake yin su, kuma daga wannan aiki ne shi da Anthony King suka fitar da ƙamusunsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971.

Situdiyon gida ya samo asali ne daga 1979, sa'ad da kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio, wata 'yar na'ura da ta haɗa miksa da rikoda mai layi huɗu a kan kaset. A ƙasar Hausa kuwa, babban sauyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa. Waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna wa kowa cewa mutum ɗaya da fiyano zai iya fitar da abin da a dā sai an tara makaɗa. A wannan shekarar ce kuma Shata ya rasu. Daga baya kwamfuta ta zo da manhajoji irin su Cubase da FL Studio, fiyanon kansa ya koma cikinta.

Abin da Aka Rasa

Babu mai musun cewa wannan sauyi ya buɗe wa dubban matasa ƙofa. Yaron da ba ɗan makaɗi ba, ba shi da ubangida, ba shi da kuɗin ciyar da 'yan amshi, yanzu yana iya fitar da waƙarsa. Amma akwai abin da ya salwanta a hanya, wanda ɗalibin waƙar baka ya fi kowa sanin muhimmancinsa.

Ɗan akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta a yawancin situdiyoyin gida mashiga biyu gare shi. Saboda haka dole a ɗauki mutane ɗaya bayan ɗaya. Da farko mai fiyano ya shimfiɗa kiɗa a kan awo guda wanda ba ya gaba ba ya baya, sa'an nan mawaƙi ya sa abin ji a kunne ya bi shi, daga baya a kira mai amshi ta zo wata rana ta ɗora nata. Wannan tsari ya dace da waƙar da aka rubuta a takarda. Amma waƙar baka ba haka aka gina ta ba. Jagora yana fara ɗan waƙa, 'yan amshi su tarbe shi, su yi masa ƙari, su mayar da shi gindin waƙa. Mai kalangu yana kallon bakin jagora, in ya ga ya ja zance sai ya sassauta, in ya ga ya ɗau zafi sai ya matsa. Sanƙira yana jefa kirari a tsakani. Sau da yawa ɗan waƙa a nan take ake haihuwarsa, saboda wani ya shigo ko wani ya yi kyauta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in an raba waɗannan mutane an ɗauke su ɗaiɗai, to an sami muryoyinsu, amma ba a sami waƙar ba.

Har wa yau, Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata ya ɗaga sauti, ya saki ya saukar da shi, ta haka yake faɗin take da kirari wanda Bahaushe zai ji ya gane. Kalangun da ke cikin fiyano bugu ne da aka ɗauka sau ɗaya aka adana, ba ya jin abin da mawaƙi ke faɗa balle ya ba shi amsa. Haka kukuma irin ta marigayi Hassan Wayam, wanda ya yi zamansa a nan Zariya, takan bi murya ne lanƙwasa bayan lanƙwasa, ta bi ta wuraren da maɓallan fiyano ba su da su.

A nan ne tsohuwar miksa take da rana. Mai layi 12 ta isa a ba jagora makirufo nasa, 'yan amshi biyu, kalangai biyu, kuntukuru ɗaya, sanƙira ɗaya, a kuma rataya ɗaya a tsakiyar ɗaki ya kwaso amon wurin. Kowa yana ganin ɗan'uwansa, kowa yana jin kansa nan take ba tare da jinkirin da kwamfuta mai rauni takan kawo ba. In mai kalangu ya yi bugu mai ƙarfi ba zato, miksa mai kyau takan shanye shi, ba kamar awon dijital ba, wanda in sauti ya wuce iyaka sai ya tsage.

Hujjar Masu Suka

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, tsufa. Ƙananan kayan da ke cikin miksa, musamman kafasito, suna bushewa da shekaru, sai ta riƙa huci ko gunji. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai, a taɓa su su yi ƙarar tsatsa. Na biyu, wuta. Wutar ƙasar nan mai ƙarfin bolt 230 ce, alhali kayan da aka yi domin Amurka na bolt 120 ne. Wanda ya jona irin wannan ba tare da taransifoma ba, ya ƙona ta nan take. Ga kuma hawa da saukar wuta da gurnanin janareta, wanda kan bi waya ya shiga cikin waƙa in ba a binne wayar ƙasa da kyau ba. Na uku, miksar analog ba ta da ƙwaƙwalwa. In an tashi aiki an murɗa maɓallai, gobe sai a sake lale. Na huɗu, akwai akwatunan dijital masu mashiga takwas ko fiye, waɗanda za su yi aikin ba tare da wannan wahala ba.

Duk wannan gaskiya ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma a lura da abu biyu. Sabon akwatin dijital da kuɗin waje ake sayensa, in kuma ya lalace ko kamfani ya daina sabunta manhajarsa, sau da yawa sai dai a ajiye. Tsohuwar miksa kuwa tana nan cikin gari, a majami'u da makarantu da shagunan masu haya, kuma an ƙera ta da kayan da mai gyaran rediyo zai iya cirewa ya sauya da ƙarfen dalma. In layi ɗaya ya mutu, sauran suna aiki. Abin da za a iya gyarawa a Sabon Gari ya fi wanda sai an aika Legas ko ƙasar waje.

Akwai wata illa guda da ta fi shafar manazarta. In an zuba dukkan layuka cikin mafita biyu aka ɗauka haka, da wuya a sake raba su tsaf. Duk ɗalibin da ya taɓa zama da tsohon kaset yana mayar da shi baya sau goma don ya kama kalma ɗaya da kiɗa ya danne, ya san wannan ciwo. Maganinsa kuwa mai sauƙi ne: a karkatar da muryar jagora ita kaɗai zuwa mafita ɗaya, sauran jama'a zuwa ɗayar, a shigar da su kwamfuta a haka. Sai a sami murya tsaf domin rubutawa, a kuma haɗa su daga baya domin saurare. Watau ba a ce a jefar da kwamfuta ba. Miksa ta tara mutane, kwamfuta ta adana abin da suka yi.

Kammalawa

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ta shaida wa duniya cewa makaɗin baka malami ne. Cikar wannan shaida ita ce a kula da waɗanda suka rage. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma a ƙauyukan Zazzau akwai makaɗan noma da na maharba da na 'yan dambe da mata masu amada waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban makirufo ba. Yaransu da yawa sun koma fiyano, domin can kasuwa take.

Saboda haka ya dace malamai da ɗalibai su duba abu uku. Na ɗaya, a nemi ɗaki ko da guda, a sa masa tsohuwar miksa da aka gyara, tare da taimakon 'yan'uwa na sashen injiniyan lantarki da na aikin jarida. Na biyu, duk ɗalibin da ya rubuta kundin digiri a kan makaɗi mai rai, ya haɗa da ɗauka mai kyau ta makaɗin da ƙungiyarsa, da sunayensu da ranar da aka yi da wurin, a kuma ba makaɗin nasa kwafi da haƙƙinsa. Na uku, a zauna da masu situdiyo na Samaru da Sabon Gari a tattara kalmomin da suke amfani da su a bakin aiki, domin su ma Hausa ce da ke bukatar nazari. Masu situdiyon kuma, kafin su sayar wa 'yan gwangwan da miksar da ke gefe, su share mata ƙura su gayyato mai kalangun unguwa da yaransa, su ji abin da za ta fitar.