FILIN SANA'O'I: Mai Kula Da Ma'aikatan Shara, Aikinsa Da Makomarsa

Duk wanda ya taɓa yin sammako a birnin Ikko, ko a Agege ne, ko Mile 12, ko Idi-Araba, ya san tun kafin gari ya waye akwai waɗansu mutane da sun riga sun fito bakin aiki. Ga masu share titi cikin rigunansu masu ruwan lemo, ga manyan motocin kwasar shara suna gurnani daga wannan layi zuwa wancan. Kowa yana ganin mai tsintsiya, kowa yana ganin direba da yaran mota, amma ba kowa ke lura da wani mutum da ke tsaye a gefe, riƙe da littafi da waya, yana ƙidayar mutane da motoci ba. Shi ne mai kula da ma'aikatan shara, wanda su ma'aikatan ke kira sufabaiza, kuma sana'arsa ce wannan fili zai duba a makon nan.

Aikin mutumin nan yana farawa ne da kiran suna. Ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba, sa'an nan ya raba unguwanni, ya ba kowace mota hanyar da za ta bi. Kafin mota ta tashi sai ya tabbata akwai mai, birki yana ci, tayoyi lafiya, injin matse shara kuma yana aiki, domin mota ɗaya in ta mutu a hanya, layi goma ne za su kwana da shara a ƙofar gida. Shi ke duba cewa kowane lebura ya sa safar hannu da takalmin roba, saboda a cikin buhun da a ka ɗaure babu wanda ya san ko akwai fasasshiyar kwalba ko allurar asibiti. Da yamma kuwa shi ke haɗa lissafi: sahu nawa kowace mota ta kai juji, mai nawa ta sha, gida nawa ya biya kuɗin wata, gida nawa ya ƙi.

Da damina wahalar ta kan ninka. Hanyar shiga juji ta zama taɓo, motoci su yi dogon layi na sa'o'i da yawa kafin su sauke, wadda ta saba yin sahu uku ta koma ɗaya. A lokacin nan ne mutanen unguwa ke yi wa mai kula caa, ko da ya ke ba shi ne ya ɓata hanya ba, ba shi ne kuma ya ƙi sayen sabuwar mota ba. Dā ma Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. In albashi ya makara shi ne leburori ke tarewa, in shara ta taru shi ne manyansa ke kira ofis. Saboda haka wanda ba shi da haƙuri da iya magana da jama'a, to, lalle wannan ba sana'arsa ba ce.

Sana'ar ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Annobar da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta ɓarke a Ikko cikin 1924, ta koya wa hukuma cewa ƙazanta tana kisa. A zamanin Turawa ne a ka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Yaba, a ka kuma buɗe ta Kano a 1932. Daga irin waɗannan makarantu ne a ka riƙa samun dubagari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole, mutumin da dattawa ke tunawa da yadda matan gida ke rige-rigen wanke randa in an ce ga shi nan tafe. Da kuɗin man fetur ya shigo, birane su ka cika su ka batse, sai Jihar Ikko ta kafa hukumar kwasar shara a 1977, wadda ta zama LAWMA a 1991. Gwamnatin soja ta Janar Buhari da Janar Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, daga zamanin ne kuma al'adar share gari ta Asabar ɗin ƙarshen wata ta kafu. A 1988 a ka gano gangunan guba da a ka kwaso daga Italiya a ka jibge a garin Koko, wanda yanzu ya ke cikin Jihar Delta, abin da ya sa a ka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Hukumar NESREA kuwa an kafa ta a 2007. Kowane ɗaya daga matakan nan ya ƙara wa mai kula dokokin da ya wajaba ya sani.

To, ina makomar sana'ar? Abu na farko shi ne, aikin ba zai ƙare ba. Hukumomin Ikko sun sha faɗin cewa birnin yana fitar da shara wajen tan 13,000 a kowace rana. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun fitar da tan miliyan 174 a 2016, kuma kafin 2050 adadin zai kusan ninka sau uku. Sana'o'i da yawa sun mutu saboda canjin zamani, amma muddin mutane suna ci suna sha, juji ba zai daina cika ba.

Abu na biyu, kamannin aikin suna sakewa. Zamanin kwasa a jibge ya kusa wucewa, domin manyan jujin birane sun zama haɗari. Jujin Olusosun da ke Ojota, wanda a ka fara amfani da shi a 1992 lokacin yana bayan gari, yanzu gari ya kewaye shi, kuma a watan Maris na 2018 ya kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin da ke kusa kwana da kwanaki. Ruɓaɓɓiyar shara tana fitar da iskar gas mai kama wuta, wanda bai san haka ba kuwa bai cancanci a ba shi amanar juji ba. A Adis Ababa tsibin shara ya zabtare a 2017 ya kashe mutum fiye da 100, irin haka kuma ta sake faruwa a Kampala cikin watan Agusta na 2024. Gwamnatin Ikko ta sha bayyana niyyarta ta rufe Olusosun, ta kuma hana amfani da mazubin abinci na soso tun watan Janairun 2024. Ma'anar wannan duka ita ce, mai kula na gobe sai ya san rarraba shara, roba daban, ƙarfe daban, ragowar abinci da za a mai da taki daban, sharar asibiti kuma daban. Sai ya iya karanta sikeli, ya iya rubuta rahoto a kwamfuta.

Amma fa ba a ɓoye wa mai neman shiga sana'a aibinta. Babban ciwon wannan aiki shi ne yana tafiya da iskar siyasa. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwasar shara a kan ƙananan hukumomi, amma a manyan birane gwamnatocin jihohi da 'yan kwangilarsu ne ke riƙe da ita. A 2017 Jihar Ikko ta sake tsari, ta miƙa kwasar sharar gidaje ga wani babban kamfani, ƙananan kamfanonin da su ka daɗe suna yi su ka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, sa'an nan daga bisani a ka mai da su bakin aikinsu. A Kano ma an ba wani kamfani aikin a 2021, sabuwar gwamnati ta dawo da hukumar REMASAB a 2023. Duk sa'ad da a ka yi irin wannan juyi, mai kula yana iya wayar gari ba ya da mota, ba ya da leburori, ba ya da albashi. Abin da ba ya salwanta a hannunsa biyu ne kawai, watau sanin aiki da takardar shaida.

A nan ne maganar ta shafi masu karatun wannan fili kai tsaye. Wanda ya zaga Ikko ya san da yawa daga masu tura kurar shara, da masu tsince-tsince a bisa juji, 'yan Arewa ne. Su ne su ka san farashin kilo ɗaya na tagulla da na gorar ruwa, su ne su ka san lungun da babbar mota ba ta iya shiga. Amma da wuya a ga ɗayansu riƙe da littafin mai kula. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi ke nan. Bugu da ƙari, ƙasan da su ke tsaye a kai ba ta da tabbas, domin Jihar Ikko ta haramta kwasar shara da kura, hukumomin Abuja kuma sun hana 'yan jari bola yawo cikin birni a watan Janairun 2025. Wanda ya shekara goma yana tura kura, rana ɗaya a ke iya raba shi da ita.

Matakin hawa kuwa ba ɓoyayye ba ne. A ƙananan kamfanoni, lebura ko direba mai gaskiya, wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi, ya kan zama mai kula ba tare da wata babbar takarda ba, sai dai galibi nan ya ke tsayawa. Mai son wucewa gaba sai ya gama sakandare da sakamako mai kyau a darussan kimiyya, ya shiga makarantar koyon aikin tsabta ko kwalejin fasahar lafiya, ya yi ƙaramar difloma da babba a fannin lafiyar muhalli, ko ya yi digiri a jami'a. Daga nan ya yi rajista da majalisar da doka ta kafa a 2002 domin kula da jami'an lafiyar muhalli. Mai wannan takarda ba a kan titi kaɗai aikinsa ya tsaya ba. Asibitoci da masana'antu da manyan kasuwanni da rukunin gidaje da kamfanonin narka roba duk suna bukatar wanda zai kula da shararsu. Waɗansu ma daga kula da motar wani su ke kai wa ga sayen tasu.

Abin da ke hana matasa da yawa shi ne ƙyama. Uba ya fi son a ce ɗansa yana zaune yana jiran aikin ofis shekara biyar, da a ce yana aikin shara. Alhali wanda ya hana kwata toshewa, ya hana ƙuda da ɓera samun mazauni kusa da kasuwa, ya tare cutar amai da gudawa tun ba ta kai ga likita ba. Ya kamata sarakunan Hausawa na biranen Kudu da shugabannin ƙungiyoyin 'yan jari bola su zauna su zaɓi yaransu masu takardar sakandare, su haɗa musu kuɗin makaranta, su kuma yi wa ƙungiyoyinsu rajista domin hukuma ta san da wanda za ta yi magana. Gwamnatocin jihohi kuma su sani cewa sayen motoci ba shi ne tsabtace gari ba, matuƙar mai kula da su bai sami horo da albashi a kan kari ba.

Yaron da ke tura kura yau ya riga ya san rabin aikin. Saura rabin yana cikin aji, kuma da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Allah ya sa a dace. Sai mako mai zuwa.